Zuwa ga Hajiya Babba, mota mai ɗaki da ta yada zango a layinmu

Hajiya, barka da hutawa, in dai hutawar ce.

Bayan gaisuwa, da fatan tayoyinki shida suna lafiya, har da ta bayan nan da kullum sai ta sace. Ni ne ɗan hayan bene na biyu, wanda tagarsa ke kallon shuɗin tamfol ɗin da aka lulluɓe rufinki da shi. Wata bakwai ke nan muna maƙwabtaka a wannan layi na birnin Los Anjeles ban yi miki sannu da zuwa ba. Abin kunya ne ga wanda ya tashi a gidan da ba a kulle zaure saboda baƙo. To, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na koyi halin mutanen nan, ta bayan labule nake leƙen ki.

Gulma na kawo miki. Ranar Talata ƙungiyar unguwa ta yi taro a kanki, an sha shayi, an ci biskit, ke kaɗai ba a gayyata ba, ko da yake ƙofar ɗakin taron ba za ta ci ki ba. An ce kin cinye wurin ajiye mota biyu da rabi. An ce kin tare wa masu fitowa daga kwana gani, yaro zai iya faɗowa titi direba bai hango shi ba. An ce janaretanki yana hana barci. A nan kam na tsaya miki, domin ni da ƙarar janareta na girma, in na ji naki har barcina ya fi daɗi.

Amma Hajiya, batun tankin ba-haya ban sami bakin kare ki ba. Abin da ya gangaro kwata a makon jiya ba ruwan sama ba ne, hanci ya shaida. Na san wuraren da aka tanada don juye irin wannan kaya kaɗan ne, da nisa, kuma kuɗi ake biya, ga shi ke ba kya motsi sai kin sha fetur kamar raƙumi ya sami rijiya. Duk da haka matar da ke tura keken jaririnta ta nan kowace safiya ba ta yi ƙarya ba, kuma ba mugunta ce ta sa ta magana ba.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a taron shi ne ya ba ni dariya. Yana da wata tsohuwar mota a gefen titi, lulluɓe da mayafi kamar amarya, azumi biyu ke nan ban ga ta gusa ba. Gizo-gizo ya yi gida a madubinta. Ba wanda ya taɓa kiran hukuma a kanta. Na yi ta neman bambancinku, sai na gano: ita ba kowa a cikinta. A garin nan ƙarfe yana da izinin kwana a titi kyauta, sai an sami ɗan Adam a ciki yake zama abin taro.

Kada ki ɗauka yau aka fara. Tun 1983 birnin ya kafa dokar hana zama a cikin mota. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta, a shari'ar Desertrain, bisa cewa dokar ba ta da kai ba ta da gindi, har mai cin abinci a motarsa ko mai ɗauke da kayansa tana iya kamawa. Da aka rasa yadda za a kama mutum sai aka koma kan tsawonki. Yanzu allo ake kafawa layi-layi: motar da ta wuce ƙafa 22 a tsawo ko ƙafa 7 a tsayi ba za ta tsaya daga ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe ba. Ga kuma dokar da ta hana mota wuce awa 72 a wuri ɗaya, wadda ta sa duk kwana uku sai na ga kin yi tari, kin turnuƙe layi da hayaƙi, kin ja jiki kin zaga kin dawo. Ban taɓa ganin mai bin doka irinki ba.

Can arewa a Mawuntin Biyu, garin da hedikwatar Google take, ƙuri'a aka kaɗa a 2020 aka kori irinku daga ƙananan tituna. A Siyatil kuwa wani da aka ja wa motar da yake kwana a ciki ya kai ƙara, a 2021 kotun ƙolin jihar Washinton ta ce motar gidansa ce a idon doka, kuma kuɗin da aka ɗora masa ya wuce kima. Da na karanta na ce to, Hajiya ta zama gida. Sai ga Kotun Ƙolin Amurka a Yunin 2024, a shari'ar garin Grants Pass, alƙalai 6 sun rinjayi 3, ta ce gari na iya hukunta mai kwana a waje. Ke dai ki riƙa sauraron labarai.

Maigidanki na san shi da ido. Dattijo ne mai furfura, yana fita da magariba cikin kayan masu gadi, ya dawo da asuba. Wato dukiyar wasu yake kwana tsarewa, ya dawo ya tarar da takardar tara a gilashinki. Ranar shara shi ke fara share gefen titin kafin motar hukuma ta iso. A ƙidayar 2024 an sami sama da mutum 75,000 marasa muhalli a gundumar nan, kuma shi yana ciki, duk da albashinsa. A taron wata ta ce ai akwai filayen kwana da aka keɓe, irin wanda aka fara a Santa Barbara a 2004. Akwai su. Sai dai yawancinsu na dare ne, gari na wayewa a ce a fita, shi kuwa da rana yake barci. Kuma sukan nemi takardun mota da inshora, ni kuwa na ga shekarar da ke manne a lambarki, ba zan tona ba.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa barci. An zagayo da takardar neman a kafa mana allon nan, na sa hannu. Mai gidan da nake haya yana tsaye a kaina, murmushi yake, kuma a watan Janairu ne zai sake duba kuɗin haya. Biro ya tafi da kansa. An ce allon zai iso nan da mako shida. Za ki koma layi na gaba, su ma su yi taronsu, su sha nasu shayin.

In za ki tafi, ki bi ta hannun dama, layin bayan wurin wankin tufafi bai da allo tukuna, kuma akwai inuwa. Ki duba min ko da sarari a bayanki. Jiya na ɗauki awo na auna tawa motar: ƙafa 15 ce, allon bai shafe ta ba, kujerar gaba kuma tana kwantawa sosai in an cire matashin kai.

Naki,
Maƙwabcinki na bene na biyu