Soja Kuma da Lissafi? To, Gyara Zama

Na san halinku sarai. Da an ce wani yaro ya shiga makarantar horar da hafsoshi yana karanta lissafi da ilimin tsara aiki, sai ku karkace hula ku ce, "To, da biyu-sau-biyu zai kori abokan gaba?" A wurinku soja ba ya wuce gudu da asuba, da fareti, da tsawa. Malam, sannu da sanin yaƙi. Kai da ko ƙarar fashewar taya ka ji sai ka nemi takalminka ka rasa.

Wannan haɗi na kaki da allo ya girmi kakan kakanka. Napoleon hafsan igwa ne, kuma shahararren masanin lissafi Laplace ne ya yi masa jarrabawa a 1785. Makarantar West Point ta Amurka, wadda aka kafa a 1802, ta ɗora karatunta kan lissafi tun da Sylvanus Thayer ya karɓi ragamarta a 1817, yana kwaikwayon Faransawa. Tamu ta Kaduna ma, NDA, da aka buɗe a 1964, tana da sashen lissafi, ko da yake na san ba ka taɓa tambaya ba.

Amma ilimin tsara aiki ɗan Ingila ne, an haife shi gab da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka rasa yadda za a ci moriyar sabuwar na'urar rada. Jigonsa shi ne Patrick Blackett, tsohon sojan ruwa da ya koma masanin kimiyya. A 1941 shi da mutanensa suka duba dalilin da ya sa jiragen sama ke ta zuba bam kan jiragen ƙarƙashin teku na Jamus amma shiru kake ji. Ashe an saita bama-baman su fashe a zurfin ƙafa 100, bisa zaton cewa jirgin ya hango su ya nutse. Suka zauna da rahotannin matuƙa suka ƙirga. Wanda ya daɗe da nutsewa ai ba a san inda ya nufa ba, jifarsa asarar bam ce. Wanda za a iya samu shi ne wanda aka rutsa a saman ruwa ko yana cikin nutsewa, shi kuwa bam ɗin wuce shi yake yi ya fashe can ƙasa. Suka ce a mai da saitin ƙafa 25. Ba a sayi sabon jirgi ba, ba a ƙara matuƙi ko ɗaya ba, sai ga jiragen Jamus suna ta halaka fiye da da. Yanzu wa ya yi wannan aiki, mai tsawa ko mai fensir?

Na ji wani daga baya yana cewa sa'a ce. To, ga ta biyu. Manyan hafsoshin ruwa sun yi imani cewa ƙaramin ayarin jiragen kaya ya fi tsira a Tekun Atlantika. Blackett ya nuna musu akasin haka: in ka ninka yawan jiragen da ke cikin ayari, kewayen da masu rakiya za su tsare ba ya ninkawa, ɗan ƙaruwa kawai yake yi. Madugun da ke kai fatake Gwanja ya san haka ba tare da alli ba, shi ya sa ba ya tashi sai ayari ya cika. Amma kafin manyan su yarda sai da aka baje musu alƙaluma.

Sai batun ciki, wanda na san nan hankalinka zai dawo. A 1947 George Dantzig, yana yi wa rundunar sojan saman Amurka aiki, ya fito da hanyar simpleks ta raba kaya da mutane da motoci a mafi arha. An gwada ta kan tambayar da kowane maigida ya sani: cikin abinci iri 77, wane haɗi ne zai riƙe mutum da kuɗi mafi ƙanƙanta? Sai da ma'aikata tara suka duƙufa da injinan lissafi na tebur kafin amsa ta fito. Yau ɗan aji biyu a makarantar soja zai warware irinta a kwamfuta kafin shayinsa ya huce, sannan a kora shi fili ya yi tsallen kwaɗo kamar kowa. Lissafi ba ya hana saje-manja yi maka ihu.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya, zan ba ka ita don kada ka yi fushi. A yaƙin Biyetnam, sakataren tsaron Amurka Robert McNamara da 'yan alƙalumansa sun auna nasara da yawan gawarwakin abokan gaba. Takarda ta yi ta cewa ana ci, har aka tattara aka bar ƙasar. Wanda ya ƙirga abin da bai kamata ba, kwamfuta sai dai ta taya shi ɓata da sauri. Sai dai ka lura, ranka ya daɗe, maganin wannan cuta hafsan da ya san lissafi ne, har zai iya cewa da mai alƙaluma ƙarya kake yi.

Tunda kai gwani ne, ga jarrabawa. Soja 1,000 sun fuskanci 500, makamai iri ɗaya, kowa na ganin kowa, har ƙaramar rundunar ta ƙare. Nawa za su rage a babbar? Ka ce 500 ko? Ƙa'idar da Frederick Lanchester ya wallafa a 1916 ta ce ƙarfin runduna yawanta ne sau yawanta, don haka wajen 866 za su koma bariki. Ɗauko biro ka duba. In biron ma aro za ka yi, zan jira.