Idona Na Kan Tsintsiyar Hannunka

Idan muka gaisa ka ji na riƙe hannunka fiye da kima, ina ta jan "ya gida, ya iyali, ya ƙoƙari", kada ka ɗauka tsabar zumunci ne. Agogonka nake leƙe. Ciwon ya daɗe a jikina, sai dai ba kowane agogo ke tayar da shi ba. Mai batir, ko na miliyan nawa ne, kallo ɗaya nake masa in kau da kai. Tsohon agogo mai inji, wanda ake murɗa wa kai kowace safiya ko wanda motsin hannu ke ɗaure shi, shi ke raba ni da kunya.

Tun daga nesa nake gane su. Tsinken daƙiƙa na mai batir tsalle yake yi ɗaiɗai. Na mai inji kuwa sulalewa yake, domin cikinsa na bugawa sau biyar ko shida a daƙiƙa guda. Da na hango wannan sulalewar, duk abin da kake faɗa "haka ne" kawai za ka samu.

Abin ya fi ƙamari a wurin ɗaurin aure, inda dattawa ke taruwa. Can ake cin karo da Seiko 5 na alhazan da, tsarabar Makka, masu nuna ranar mako da rubutun Larabci. A 1963 kamfanin ya fara fitar da su, kuma bai daina ba ko bayan da shi da kansa ya kawo Astron mai batir a Disambar 1969, fasahar da ta kusa durƙusar da maƙeran Suwizalan. An taɓa shafa fatiha ina tsugune gaban wani tsoho ina cewa, "Baba, don Allah ko za a ɗan kwance mini in ga bayansa?" Ai a bayan asirin yake: a jerin lambobin da aka buga a wurin, ta farko shekara ce, ta biyu wata. Nasa da 8N ya fara, Nuwamba ke nan. To ta 1978 ko ta 1988? Nan sai lambar inji ta raba gardama, tasa kuwa gumin shekaru ya cinye ta. Sai na tambaye shi shekarar da ya sauke farali. Ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya ce, "Yaro, kai ɗan sanda ne?" Har na koma gida ban ji nawa aka yanka sadaki ba, alhali abin da aka aike ni in jiyo ke nan.

Mai gyaran agogon bakin kasuwarmu ya riga ya karance ni. Da ya hango ni sai ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin akwatin gilashinsa, ya zazzage: HMT na Indiya, Raketa na zamanin Tarayyar Sobiyet, wani ba tsinke, wani ba gilashi. Wanda fuskarsa ta yi fes kamar jiya aka ƙera, shi nake zargi da sabon fenti. Wanda ya yi jirwaye ya daƙune, wanda mai hankali zai ba yara su yi wasa, shi nake ciniki har jikina na rawa.

Ranar da uwargida ta ji ina yi wa baƙo fankamar cewa akwai yaƙutu 17 a cikin ɗaya, sai da ya fita ta ce, "Malam, to a ɓanɓaro su a biya kuɗin makaranta mana." Dole na sauke murya na yi bayanin cewa na haɗi ne, ƙanana, an sa su ne don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, kuma duka ba za su yi cefanen rana ɗaya ba. Ta ce to ƙarfe nawa yanzu? Na dubi na hannuna, na leƙa na cikin durowa, na ce ya danganta da wanda aka tambaya. Ta ƙwala wa auta kira ya kawo mata wayarta.