Wasiƙa daga Sabha zuwa ga Kaka Sarkin Baka

Kaka,

Gaisuwa mai yawa gare ka, kai da amaryata da kake riƙe mini amana. Ina lafiya. Aikin gonar dabino na tafiya, kwana kuma a unguwar Gurda nake da wasu 'yan Damagaram. Saƙon da na ba direban Agadas na san ya iso. Zancen gida mun gama shi a waya. Yau labarin maharbin ƙasar nan na kawo maka, don wallahi ba zan iya haɗiye shi ni kaɗai ba.

Mai gidana maharbi ne, da 'yar bindigar hannu yake fita. Tun 2011 da Gaddafi ya faɗi bindiga ta daina zama abin kallo a Fazzan, ko a biki sama ake ta harbi har amarya ta kusa kurmancewa. Shi dai ba ya zubar da kwanson harsashi. Da ya harba sai ya durƙusa yana tonon rairayi, ya tsinto kwanson, ya hure shi, ya jefa aljihu. Bayan isha'i ya shimfiɗa tabarma, ya wanke su, ya goge, ya jera su sahu-sahu. Albarushin kuwa da ɗan sikeli yake auna shi kamar mai sayar da zinariya. Ka yi tari ya harare ka, ka yi atishawa ya ce a tashi a sake daga farko. Sai a shanye shayi zagaye uku, tun daga mai kumfar nan tasu har na ƙarshe mai gyaɗa, bai cika guda goma ba. Da zai ga yadda kake auna naka a tafin hannu, ka ɗura, ka danna tsumma da sanda ka ce bismillahi, sai an yayyafa masa ruwa.

Harsashin nasa kuma rami gare shi a hanci. Na ce ko gara ce ta ci? Ya ce da gangan ne: in ya shiga jiki buɗewa yake, dabba ta faɗi nan take maimakon ta gudu da rauni ta mutu a banza, a samu a yanka ta da sauran rai. Har ya ƙara mini karatu, wai sojan Ingila sun ƙera irin mai buɗewar a Dum Dum ta ƙasar Indiya, a 1899 kuma aka taru a Hague aka haramta shi a yaƙi. Ka ji, an hana wa soja, an bar wa barewa.

To ina barewar? Mun nufi wajen Ubari da Land Cruiser, da katifu, da butar shayi, da rago ɗaure a baya. Ko sawu ba mu gani ba. Dattawan Buzaye sun ce a da barewa da ragon dutse ba sa wuyar gani har duwatsun Akakus, masu bin su da mota da fitila cikin dare ne suka kusa ƙarar da su. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Daga ƙarshe gwangwanin tumatir ya kafa ya harba, ya kuwa same shi, aka yi ta kabbara, ragon gida ya sha wuƙa.

A bakin wuta na ba su labarinka. Na ce kakana da harba-ka-ruga ɗaya da gora yake shiga dajin Baban Rafi, mai ganga na biye, in ya yi kirari zabi da kansu suke faɗowa daga bishiya a fige. Na ce karenka Duna ya fi motarsu gudu, kuma ba ya shan fetur. Mai gida ya rantse sai ya zo ya koya. Na ce ya taho da sikelin, amaryata ta riƙa auna kanwa.

Nan ba kiɗa, ba kirari, ba yaran da ke tarbar mutum a bakin gari suna rige-rigen karɓar rataya. Sanyin Sabha ya sauko, na san farauta ta kama a gida, ƙafata sai ƙaiƙayi take. Don Allah ranar fita ka sa a ɗauko mini gangar a waya a turo.

Kar ka ba kowa gorata. Kuma ka daina ɗora wa hazo laifi duk ran da zomo ya kuɓuce maka, ka je Maradi a duba idon nan, kuɗin na cikin saƙo na gaba. A gaida su Inna da Baba da duk mutan gida.

Jikanka,
daga Sabha