Notin da Ya Kwantar da Ni Rigingine

A ƙasarmu hitar mota ado ce kusan duk shekara. Sai Disamba ta kama, hunturu ya sauko da hazonsa, sannan mutum ya tuna akwai wani maɓalli mai ja da shuɗi a gaban motarsa. Ina koyarwa a Ƙanƙara, ina kuma da 'yar gonar masara wajen Sabuwa, hanyar kuwa sai ka bi ta Sheme a ƙasar Faskari, ka faɗa Funtuwa, ka ɗauki ta Ɗandume. Yadda tsaro ya zama a yankin nan ba mai son magariba ta riske shi a hanya, don haka sammako dole ne. Ga Corolla tawa 'yar Kwatano, ko ka murɗa maɓallin har ƙarshen ja, sanyi take huro maka.

Ka'idar abin na san ta, ai kimiyya nake koyarwa. Ruwan inji yakan yi zafi kusan digiri 90, tiyo biyu su zagaya da shi ta wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye ƙarƙashin dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa, ɗumi ya fito. Da yake ruwan rijiya muke ɗura wa motocinmu, na yanke hukunci cewa tsatsa ce ta toshe ƙaramin. Kai wa bakanike? Haba, da iliminka?

Na sayo sukudireba a kasuwa, na kwanta rigingine, kaina wajen totur, ƙafafuna a kan kujera. Notukan murfin suka yi ta fita cikin ladabi, sai na can ƙurya. Na murɗa, shiru. Na danna da ƙarfi, sukudireba ta sulɓe. Na sake, ta sake, har gicciyen kan notin ya cinye ya koma rami.

Kafin hantsi ƙofar gidana ta cika da masana. Maƙwabcina ya ce man birki. Na ɗiga, notin bai ji ba, robar da ke kusa da shi ce ta kwaile. Wani ya ce kananzir, wani ya rantse Coca-Cola na cin tsatsa. Na zuba rabi, yara suka shanye rabi, kiyashi suka zo karɓar nasu kason a wuyana. Na ɗora sukudireba na kai mata guduma, babban yatsana ya karɓi saƙon. Da na aika a ɗebo garwashi don in gasa notin ya saki, uwargida ta leƙo daga zaure.

"Malam, in motar za ka ƙona, bari in kwashe buhunan da ke but tukuna."

Ɗan ƙanena, wanda ya daɗe tsugune yana kallo, ya ce, "Baffa, anya tun ɗazu ba ɗaurewa kake ba?" Na kore shi ya tafi islamiyya. Da ya ɓace, na gwada ɗaya ɓangaren a ɓoye. Nan ma shiru, amma dai na fahimci akwai ƙamshin gaskiya a maganar yaron.

La'asar sakaliya na isa gareji, dashbod na reto. Ogan bai ko tashi daga benci ba, yaronsa ya turo, wanda bai wuce sa'an 'yan ajina ba. Yaron ya haska, ya nuna mini wani ɗan ɗigo a gefen kan notin, ya ce irin wannan ba kowace sukudireba ke kama shi ba. Gaskiyarsa: notukan Japan masu gicciye suna da nasu ma'auni, JIS, sun yi kama da Phillips a ido amma ramin ya bambanta, shi ya sa tawa ke tsalle tana cin kan. Ya ɗauki karyayyen zarto ya tsaga notin a tsakiya, ya sa mai faɗin baki, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya murɗa. Notin ya fito ko gardama babu.

Sai a lokacin ogan ya taso, ya ce, "Malam, wai me ake nema a ciki?" Na yi masa lacca kan tsatsa da zagayen ruwa. Ya saurara har na gama, sannan ya buɗe bonet. Tiyon nan biyu da ya kamata su shiga cikin mota, wani ya daɗe da cire su ya haɗe bakinsu da guntun bututu. Haka ake yi a nan in ƙaramin lagireton ya fara yoyo, a kashe hitar kawai, wa ke neman zafi a watan Afrilu? Tun kafin in sayi motar ko ɗigon ruwa bai taɓa zuwa inda na wuni ba.

Na ce a mayar da su. Ya ce, "Malam, wanda ya cire yana da dalili." Na ce a mayar. Aka mayar.

Washegari hitar ta yi aiki har Sheme. Daga nan gilashi ya yi gumi, ruwan zafi mai launin tsatsa ya fara ɗiga a kan takalmina. A Funtuwa na biya wani bakaniken ya sake haɗe tiyon yadda na same su, na tsallaka titi na sayi rigar sanyi 'yar gwanjo da safar hannu.