Yadda Za Ka Shawo Kan Katin Hoto a Linux Ba Tare da Ka Fasa Sikirin Ba

Katin hoto baƙo ne mai ji da kansa. Ba ya magana da Linux sai ta bakin tafinta, kuma wannan tafintan shi ne manhajar da ake kira direba. Ga matakan da za su kai ka ga sulhu.

1. San wanda ya sauka a gidanka. Buɗe tamina ka rubuta lspci. In ka ga Intel ko AMD, Allah ya yi maka gyaɗar dogo: direbansu yana zuwa ne tare da kanel da Mesa. Je ka sha shayinka, amma kada ka yi wa masu NVIDIA dariya a bainar jama'a. In kuwa NVIDIA ka gani, to gyara zama.

2. Ka san ba kanka farau ba. Shekara da shekaru NVIDIA tana rufe sirrin katunanta, har masu aikin sa kai suka bi diddiginsu suka rubuta direban Nouveau. A 2012, Linus Torvalds da kansa, wanda ya fara Linux a 1991, ya ɗaga wa kamfanin yatsa a gaban kamara a Jami'ar Aalto ta Finland. Sai a 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren direbansa da ke aiki a cikin kanel. In ranka ya ɓaci, tuna cewa na mai gayya mai aiki ma ya ɓaci.

3. Tanadi hanyar komowa. Ɗauki hoton tsarinka da Timeshift kafin ka taɓa komai. Cika batir, sayi data mai kauri, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, za ka kwana kana salati.

4. Bi ta ƙofa, ka bar katanga. A Ubuntu, rubuta sudo ubuntu-drivers install, shi ke nan. A Fedora, kunna ma'ajiyar RPM Fusion ka ɗora akmod-nvidia. Fayil ɗin .run da ke shafin kamfanin zai yi ta kiranka da murya mai daɗi; toshe kunnenka, domin manajan manhajojinka ba zai san da zamansa ba, kuma rigima ce ke jiranka ranar sabuntawa. Haka nan, kada ka haɗa umarni daga bidiyo uku na mutum uku. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma ban da nan.

5. Kada shuɗin sikirin ya firgita ka. In Secure Boot na kunne, mai yiwuwa a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri. In an nema, da ka sake kunna kwamfutar, shuɗin shafi zai bayyana. Zaɓi Enroll MOK ka shigar da kalmar. Wanda ya tsallake wannan a guje, direbansa na nan a ɗore amma kanel ba zai bar shi ya buɗe baki ba.

6. In sikirin ya yi baƙi ƙirin, ajiye takalmin da ka ɗauka. Danna Ctrl+Alt+F3, shafin rubutu zai fito, ka cire direban ka sake ɗorawa. In hakan ya ƙi, danna e a jerin zaɓin GRUB da ke fitowa yayin kunna kwamfuta, ƙara kalmar nomodeset a layin da ya fara da linux, ka shiga ka yi gyara.

7. Gwada, sannan ka cire hannunka. Rubuta nvidia-smi. In ya nuna sunan katinka da zafinsa, an gama. Manhajar DKMS ko akmod za ta riƙa sake gina direban duk lokacin da sabon kanel ya zo.

Daga nan shaiɗan zai fara raɗa maka cewa wani sabon direba ya fito jiya da daddare. Nemi tsari, buɗe wasanka ko aikin bidiyonka, ka mori katin da ka saya da kuɗinka.