Nasiha Ga Wanda Ya Gaji Da Motarsa: Babin Salatif

Ya tabbata a wurin ma'abota hankali cewa akwai bayin Allah da yawa waɗanda motocinsu suka ishe su, amma kunya ta hana su sayarwa, rowa ta hana su bayarwa, motocin kuma sun ƙi mutuwa don kansu. Saboda tausayin irin waɗannan mutane ne na tsara 'yan fasulla a kan hanyar rabuwa da mota wadda ta fi kowace araha, watau zaɓen salatif ɗin da za a naɗe wayoyinta da shi, domin kuwa abin da gargadar hanya ta kasa yi wa mota a shekara goma, salatif na banza yakan gama shi a bazara guda.

Kafin mu shiga fasulla, wajibi ne almajirin wannan fanni ya san asalin mas'alar. Batirin ƙaramar mota volt 12 yake bayarwa, wanda ko ka dafa kawunansa biyu ba ya jan hannu, shi ya sa jama'a suke raina shi. Alhali kuwa shi ne yake kwararo ampiya ɗaruruwa a lokacin da kik yake juya inji. Sa'an nan masu ƙera mota sun haɗa ƙarfen jikinta gaba ɗaya da ɗaya daga cikin kawunan batirin, ta yadda duk wayar da take ɗauke da wuta, in ta yi tsirara ta taɓa ƙarfe ko'ina, in fiyus bai katse wutar ba, nan take za ta yi ja, ta narkar da rigarta, ta kunna ta maƙwabciyarta. Ba abin da ya raba jan ƙarfen waya da jikin mota face 'yar robar nan siririya, inda aka fere ta kuwa salatif ne wakilinta. Wanda ya fahimci wannan ya san inda zai dosa.

Fasali na farko a kan zaɓe ne. Idan ka je Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kowace kasuwar kayan mota, nemi baƙin salatif mai sheƙi wanda ba a rubuta masa suna ko lamba ba, kuma kada ka tambayi zafin da yake iya ɗauka, gama yawan tambaya yana jawo kashe kuɗi. Ka nisanci zuriyar salatif ɗin roba da kamfanin 3M na Amurka ya fito da shi a 1946, musamman wanda ake kira Super 33+, domin an shaide shi da jure zafi har digiri 105 da wuta har volt 600, kuma yana da mugun halin zama inda aka sa shi. Na gama-gari da yawansa digiri 80 ne iyakarsa, wani ma bai kai nan ba. To, ka auna da watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda inuwa kanta take wuce digiri 40, ruwan inji yana kai-kawo a wajen 90, kusa da bututun hayaƙi kuwa sai dai a yi maganar ɗaruruwa; a nan ne gam ɗin mai araha yake narkewa ya zama baƙin danƙo, naɗin ya saki, ƙura ta manne, wayar ta fito sarari. Wanda himmarsa ta fi haka yana iya hawa martaba ta gaba, ya yi amfani da farin salatif na liƙe takarda, ko filastar ciwo, ko baƙar ledar da aka sayo masa gurasa a ciki. Kuma idan mai wayarin ya ɗago kai daga ƙarƙashin bonet ya ce, "Alhaji, a sa mai kyau ko a yi maneji?" to kada ka yi jinkiri, ka ce, "Malam, yi maneji kawai, tafiya ce da ni."

Fasali na biyu a kan sanya abu a inda ba muhallinsa ba ne. Masana wannan sana'a sun yi ittifaƙi a kan cewa mota ƙasa biyu ce, kowace da hukuncinta. Cikin ɗakin zama, bayan dashbod da cikin ƙofofi, damuwar ita ce ƙarar wayoyi suna bugun roba, don haka kamfanin Tesa na Jamus ya yi salatif mai laushi da gashi-gashi, lamba 51608, wanda yake kashe ƙarar, yana jure digiri 105. Ɗakin inji kuwa, inda zafi da gogayya da baƙin mai suka taru, sai ya yi masa na saƙaƙƙen yadi mai tauri, lamba 51036, wanda yake kaiwa digiri 150. Kai abin da ya kamace ka shi ne ka sauya musu gurbi, ka kai mai laushin jikin inji ya sha mai ya ƙoshi. Akwai kuma wata daƙiƙa da ba kowa ya sani ba: salatif na yadi an yi shi ne don ɗaure wayoyi masu rigarsu su zama dami guda, ba don rufe tsiraicin jan ƙarfe ba, saboda ruwa yana ratsa saƙa. Don haka ka naɗe haɗin da ka fere da shi kaɗai, ka yi haƙuri har damina, sa'ad da jan ƙarfen zai yi kore, fitilu su dinga kawowa suna ɗaukewa bisa ga ra'ayin kansu.

Fasali na uku a kan haɗi da naɗi ne. Masu tsantseni sukan cire kan batir tukuna, su liƙe wayoyin biyu da dalma ko su matse su cikin 'yar hular ƙarfe, su zura musu bututun roba mai tsukewa zuwa rabin faɗinsa idan ya ji zafi, sa'an nan su goge mai da ƙura, su bi da salatif kamar naɗin rawanin malami mai natsuwa, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, su yanke da almakashi, su kwantar da zagayen ƙarshe ba tare da ja ba don kada bakinsa ya tashi. Kai kuwa ka fere da haƙori, ka murɗa da yatsa, ka yi zagaye biyu a kan maiƙo, ka fizge. Fa'idar sakakken haɗi ita ce yana haifar da zafi daga cikinsa, ya taimaki na inji daga waje, su haɗu a kan salatif ɗin.

Fasali na huɗu a kan mai hana ruwa gudu ne, watau fiyus, wanda aka yi shi don ya ƙone kafin waya ta ƙone, ya ɓata maka duk wannan shiri. Idan mai ampiya 10 ya tsinke, kada ka binciki dalili. Sa mai 30, in shi ma ya yi taurin kai ka maye gurbinsa da guntuwar waya. Haka nan kada ka kula da salatif ɗin da kamfanin Honda yake sayarwa wanda aka cuɗa da sinadarin zafin barkono don korar ɓeraye, domin ɓera abokin aikinka ne a wannan al'amari, kuma ba ya karɓar lada.

A ƙarshe ina gargaɗi, don in sauke nauyi, cewa wanda ya saɓa wa waɗannan fasulla, ya ƙara 'yan kuɗi kaɗan ya sayi salatif mai suna da lamba, ya ba kowane ɓangare nasa, ya bar fiyus a matsayinsa, to ya kuka da kansa, gama motar nan za ta liƙe masa shekara da shekaru, surukai su yi ta aro, maƙwabta su yi ta neman a rage musu hanya, har ta kai ga magada su zauna gaban alƙali a kanta. Wanda ya bi su sau da ƙafa kuwa, abu ɗaya nake roƙonsa don girman haƙƙin maƙwabtaka: ya riƙa ajiye motar nesa da tawa.