Ni da Kokwamba a Tsakar Gida

Tsadar kayan lambu ce ta ingiza ni noma. Ranar da na dawo daga kasuwar Yankaba da 'yan kokwamba a leda, na ce wa uwargida daga yau mun daina saye. Ta dubi tsakar gidanmu da ko tabarma biyu ba ya ɗauka, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Duk mai aure ya san irin wannan addu'ar.

Na cika buhunan siminti da ƙasa da takin awaki, na jera su a gindin katanga, na zuba iri. Cikin mako guda suka tsiro. Kafin ka ce kwabo yaɗo ya haye igiyar shanya, ya naɗe ta tsaf.

Sai furanni, rawaya gwanin sha'awa. Na fara rabon alkawari a majalisa. Amma kullum da safe sai in tarar sun zube ƙasa, ko ɗa ɗaya babu. Uwargida ta ce baki ne. Ni kuwa ƙadangaru na zarga, na yi ta jifansu da takalmi har ɗaya ya faɗa gidan maƙwabci (takalmin, ba ƙadangaren ba).

Na ɗauko wani dattijo mai lambu a bakin fadama. Ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗana, waɗannan ai maza ne. Namijin fure ke fara fitowa, ya faɗi abinsa. Mace kuwa za ka ga ɗan mitsitsin kokwamba a bayanta. Ƙudan zuma ke ɗaura musu aure." Ga shi kullum yamma sai na feshe wurin da maganin sauro. Ya koya mini in tsinko namiji da sassafe in goga wa mace. Ina tsugune kan wannan aiki maƙwabci ya leƙo ta katanga da takalmina a hannu. Bai tambaya ba, ni ma ban yi bayani ba.

Kokwambar kuwa ta yi 'ya'ya, wajen wata biyu da shuka. Dattijo ya ce a tsinka tun tana kore, kada kuma ta sha ƙishi. Sai bazara ta kankama, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa suka ƙara kuɗi. Duk da haka na ware babba guda, na bar ta ta ƙasaita har ta yi rawaya, don surukina da zai zo.

Na yanka, na barbaɗa ƙuli-ƙuli, na aika yaro da faranti, na laɓe bayan labule. Baba ya tauna, ya yi shiru, idanunsa suka kawo ruwa. Ɗaci kamar maɗaci. Ya daure ya haɗiye, ya dubi 'yarsa ya ce, "'Yar nan, wannan maganin mene ne?"

Mai son iri, akwai shi cike da gwangwani, kyauta. Ruwa dai ya zo da nasa.